Sunan Tabawa a Gindin Ƙwarya

A shekarar da nake ba ku labarinta, masarautar Dajin Rimaye ta shiga wani hali da ko maƙiyi ba zai yi mata fatansa ba. Ba fari aka yi ba, ba kuma annoba ce ta sauka ba. Ƙwaryar wasa ce ta daina tafiya a kasuwa, ita kuwa fada da ita take ci, da ita take sha.

Wanda bai taɓa ganin ƙwaryar wasa ba, bari in kwatanta masa. Ƙwarya ce mai murfi, an huda mata 'yar kafa ta sa ido, an zura mata igiya biyu. In ka ɗora ido a kafar sai ka ga wata duniya a ciki, da gonaki da koguna, da wani ɗan mitsitsin dabba yana jiran umarninka. Ka ja igiyar dama ya yi gaba, ka ja ta hagu ya yi tsalle. Jakuna, waɗanda su ne talakawan ƙasar, in sun sauke kayan fada da yamma, babu abin da ke mantar da su ciwon baya kamarta. Da aka ga abin yana kawo abinci, sai kowa ya zama gwani. Gafiya ta buɗe rumfa, kurege ya buɗe, har ungulu ta soma sayar da wata ƙwarya da babu komai a cikinta sai duhu, wai sunan wasan Dare. Jakuna suna da haƙuri, amma ba wawaye ba ne. Suka daina saye, har ta fadar ma suka juya mata baya.

A rumfar fada akwai wata hawainiya mai suna Tabawa. Shekara ashirin ke nan ita ke yin uwar ƙwarya, birai su kwafa a kai kasuwa. Launin da ke cikin wasan daga jikinta take tatso shi, shi ya sa duk ƙwaryar da ta gama sai ta yi kwanaki tana kwance. Duk wasan da ya taɓa yin suna a dajin nan daga hannunta ya fito, amma babu jakin da ya san da zamanta, domin dokar fada ce ba a buga komai a gindin ƙwarya sai sawun zaki. Tabawa ba ta nemi sarauta ba, ba ta nemi gona ba. Sunanta kawai take so a rubuta a ƙarƙashin sawun, ko da ƙanana ne kamar ƙwayar gero, don in ta mutu a san ta taɓa zuwa duniya. Sau bakwai tana kai kukanta wurin Waziri Kure, sau bakwai yana ce mata, "Haba Tabawa, ai ke ma'aikaciya ce. Mai shara ma aiki yake yi, kin ga an rubuta sunansa a tsakar fada?"

Da rumbunan fada suka soma amsa kuwwa, Sarki Gagarau ya kira majalisa. Shi dai wannan zaki bai taɓa ɗora idonsa a kafar ƙwarya ba tunda uwarsa ta haife shi, amma shi ake yi wa kirari da Uban Wasanni. Waziri Kure ya miƙe, ya gyara murya.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Wannan matsala gadonta muka yi, ba mu muka haifar da ita ba. Amma da yake wannan gwamnati ta talaka ce, ba ta barci sai talaka ya yi dariya, ina yi wa al'umma albishir da sabuwar ƙwarya wadda ba a taɓa yin irinta ba, ba kuma za a sake ba. Sunanta Jaki Ya Koma Gida. Za ta fito ranar bikin kaka, guda dubu goma sha biyu."

Ɓauna, wadda ita kaɗai ce ta rage a majalisar mai tambaya, ta ɗaga kai. "Ranka ya daɗe, bikin kaka saura mako biyar. Kuma dabbobin dajin nan, har da jarirai da makafi, dubu tara ne."

Dila, mai magana da yawun fada, ya yi farat ya ce, "Wasu za su sayi biyu saboda kishin ƙasa."

Aka yi tafi. Sarki ya yi hamma, aka rubuta cewa ya amince.

Washegari Waziri ya tako da ƙafarsa har rumfar Tabawa, abin da bai taɓa yi ba. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ko na gama zane a mako biyar, ina zagayen kunkuru?"

Wannan al'ada ce ta masu sana'ar tun kaka da kakanni. Ba a liƙe murfin uwar ƙwarya sai kunkuru ya bi wasan daga ƙofar shiga har ƙofar fita. Kunkuru ake ba wa ba don komai ba sai don nawarsa. Shi ba ya tsallake komai, duk lungu sai ya leƙa, duk rami sai ya faɗa ya ga ko ana fita. Baba Jatau, tsohon kunkurun rumfar, wata uku yake ɗauka a kan ƙwarya guda, kuma babu wadda ta taɓa wucewa ta hannunsa ta kunyata fada.

Waziri ya matso, ya rage murya, ya yi mata irin murmushin da kuraye ke yi wa abin da ba su gama yanke shawara a kansa ba. "Gwanar gwanaye, maganar nan da kika daɗe kina yi, na kai ta gaban Sarki. Ki gama mana wannan kafin biki, sunanki zai hau gindin kowace ƙwarya. Ni Waziri na faɗa."

Abin tausayi da hawainiya shi ne ba ta iya ɓoye zuciyarta. Kafin ta buɗe baki jikinta ya riga ya koma kore shar don murna. Waziri ya gani, bai ma tsaya jin amsa ba.

Bayan ya fita, Baba Jatau ya zuro kai daga ƙoƙonsa ya ce, "'Yata, mako biyar fa."

"Baba, shekara ashirin fa," in ji ta. Tsohon ya mayar da kansa cikin ƙoƙo.

Tabawa ta duƙufa. Ta tatso shuɗi ta yi sama, ta tatso ruwan ɗorawa ta yi gonakin dawa, ta yi wani ɗan jaki mai farin goshi wanda zai ratsa gona bakwai ya isa gida wurin uwarsa. Abinci sai an tuna mata. Kafin mako na huɗu fatarta ta koɗe ta koma ruwan toka, in ta matsa jikinta sai launin ya fito tsararo. A gona ta uku ta haƙa wata rijiya, da niyyar ta sa mata tsani a ciki, don wanda ya faɗa ya hau ya fito ya ci gaba da tafiya. Ta bar tsanin sai ta dawo, ta wuce gona ta huɗu, domin birai na tsaye a kanta suna jira.

Ana saura kwana shida biki, Baba Jatau bai ko gama gona ta biyu ba. Waziri ya shirya ɗan taro, aka rataya wa tsohon lambar yabo a wuya, aka gode masa, aka sallame shi. Aka kawo Zomo, ɗan ƙanwar matar Dila, aka ce shi ne sabon mai zagaye, wai zamani ya canza. Zomo ya ɗora ido, ya fizgi igiya, ya yi ta tsalle. Kafin a sauke tukunyar rana ya kai ɗan jakin gida. Rijiyar ma bai san da ita ba, ta samanta ya wuce.

"Lafiya lau take, ranka ya daɗe," in ji Zomo. "Ko aibu ɗaya babu."

Tabawa ta matso gaban Waziri. Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai rijiya a gona ta uku, ban sa mata tsani ba. Launina ya ƙafe. Kwana uku kawai nake roƙo in huta in ƙarasa."

"Kwana uku?" Waziri ya dubi birai, ya dube ta. "To, babu tilas. In ba ki shirya ba sai a ɗaga, maganar suna kuma a bar ta sai wani jiƙon."

A nan ne nake jin haushin Tabawa, a nan ne kuma nake jin tausayinta. Ta san jaki ba zomo ba ne. Ta san duk wanda ya ja igiyar nan da kofato sai ya faɗa rijiyar. Kalma ɗaya ce ta rage mata, ta ce a ɗaga. Sai ta dubi gindin ƙwaryar, wurin da sunan zai zauna, ta miƙa wa birai murfin da hannunta.

Ranar biki aka fito da ƙwarya dubu goma sha biyu, ana kiɗa ana guɗa. Tabawa ta lallaɓa ta ɗauki ɗaya, ta kifa ta. Sawun zaki ne kawai. Ta ɗauki wata, haka. Da ta sami Waziri a rumfar manyan baƙi, bai ko daina tauna ba ya ce, "Mai rubutun ne ya yi tafiya. A zubi na biyu za a sa. Ke dai kin cika gaggawa."

Jakuna suka saya, domin an yi wata guda ana cika musu kunne, kuma wasan a kansu aka yi shi. Gona ta ɗaya daɗi, gona ta biyu daɗi, har wasu na hawaye don sun ga ɗan jakin ya yi kama da nasu. A gona ta uku kowa ya ji tsulum. Aka ja igiyar dama, ɗan jaki ya bugi bango. Aka ja ta hagu, ya yi tsalle ya dawo. Wasu suka yi ta ja har igiya ta tsinke. Cikin kwana uku masu saye sun dawo da ƙwarya sun tara a ƙofar fada har ta rufe zaure, wani jaki kuma da dogari ya hana shi shiga ya juya ya yi masa harbi ɗaya a haƙarƙari.

Wannan harbin shi ya ceci Waziri. Majalisa ta zauna bayan cin abincin rana, kuraye na lasar baki, jan abu bai gama bushewa a gashin bakinsu ba. Aka zo da Tabawa aka ajiye a tsakiya.

"Allah ya taimaki Sarki," in ji Waziri, muryarsa na rawa don takaici. "Zuciyata ta karaya. A ƙasar nan tamu ta zaman lafiya, inda ba a san zubar da jini ba, yau ga jaki yana harbi. A ina ya koya? A ƙwarya ya koya! Tarbiyyar 'ya'yanmu ake so a rusa. Kuma ina so duniya ta sani, fada ba ta yin ƙwarya. Fada tallafi kawai take bayarwa."

Ɓauna ta ce, "Amma sawun Sarki ne a gindinta."

"Kuskuren birai ne," in ji Dila, "kuma an kafa kwamiti."

Sarki Gagarau ya buɗe ido ɗaya ya ce, "To wa ya yi ta?"

Waziri ya juya ya dubi Tabawa, fuskarsa cike da alheri. "Ranka ya daɗe, wannan baiwar Allah ta daɗe tana roƙon a sa sunanta a kan aikinta, ni kuma na yi mata alkawari a gaban shaidu. Gwamnatin nan ba ta saɓa alkawari. Ina neman izini a kankare sawun Sarki, a rubuta nata a kan duka dubu goma sha biyun, da manyan baƙaƙe yadda mai ciwon ido ma zai karanta. A zagaya da su kasuwa, sannan a kai bayan gari a binne."

A ranar aka sami mai rubutun, ashe bai je ko'ina ba.

Aka haƙa ƙaton rami a bayan gari. Jakunan da suka sayi ƙwaryar su aka sa suka ɗauko ta, kowa na tafe yana karanta abin da ke bayan na gabansa. Tabawa na tsaye a bakin ramin. Wata ƙwarya ta gangaro ta tsaya a gabanta a kife, ga sunan nan ɓaro-ɓaro, an ƙona shi da wuta, rubutu mai kyau ƙwarai. Ba zan ɓoye muku ba, sai da wani ɗan kore ya gilma a wuyanta kafin kunya ta kashe shi. Ta ji sunan yana yawo a bakin taro, wannan ya faɗa ya yi tsaki, wancan ya faɗa ya tofar da yawu.

Wani tsohon jaki mai suna Ɗanlasan ya sauke kayansa, ya tsaya yana haki, ya dube ta.

"'Yar nan, ke ce Tabawar?"

"Ni ce, Baba."

"Ke kika yi rijiyar nan?"

"Ni na yi."

Ya girgiza kai, ba da faɗa ba. "Allah ya shirye ki. Ni ba zan zage ki ba, kowa da iyakar basirarsa. Amma da kin nemi wata tsohuwar ƙwarya da ake kira Kogin Wata kin duba. Shekarar da matata ta rasu, ita ta riƙe ni, kullum sai na haye kogin nan nake iya cin abinci. Ita ce ƙwarya. Ki je ki ga yadda ake aiki."

Tabawa ta san kogin. Wata bakwai ta yi tana tatso shuɗinsa, har ta yi jinya a kansa. Ta buɗe baki ta ce, "Baba, ka san wanda ya yi ta?"

"Wa zai yi kuwa?" in ji tsohon. "Sarki mana. Ai da sawunsa a gindi."

Dila na tsaye kusa da su yana murmushi, yana jiran ya ji abin da za ta ce. Tabawa ta dubi tsohon, ta dubi ramin, ta matsa gefe ta ba shi hanya. Ɗanlasan ya sa kofato ya tura ƙwaryar ciki, aka soma zuba ƙasa.