Ƙuri'ar da Ta Ɓace a Reynosa

Wani ne muka yi aiki tare a kamfanin ɗinka kujerun mota, nan Reynosa ta ƙasar Meziko, bakin iyakar Amurka. Kar ku tambaye ni sunansa, har yanzu coci ɗaya muke zuwa. Shekara goma sha ɗaya yana kan keken ɗinki ɗaya, bai taɓa tambayar inda kujerun suke tafiya ba.

Lokacin nan muna da ƙungiyar ma'aikata, amma ba wanda ya zaɓe ta. Shugabanta, Don Evaristo, sau ɗaya muke ganinsa a shekara, ranar rabon kalanda. Shi da manaja suke kulle ƙofa su sa hannu a kan albashinmu, mu sai dai mu ji a salansa. Sai Yesenia, wata mai yanka fata a layinmu, ta gano cewa yarjejeniyar cinikinmu da Amurka da Kanada ta ce dole a tambayi ma'aikata. Ta kai ƙara. Kafin wata uku an tsayar da tirelolin kamfani a bakin gadar shiga Amurka. Aka ce ko kujera ɗaya ba za ta haye ba sai mun yi zaɓe: mun yarda da takardar Don Evaristo, ko ba mu yarda ba.

Yesenia ta bi layi-layi tana raba lambar waya.

"Duk wanda aka danne masa haƙƙi ya kira. Har Washington ake ji."

Mutumin naku ya karɓa ya soke a hula. Ana tashi cin abincin rana ya ari wayar Yesenia, ya buɗe murya kowa na ji.

"Halo, Washington? Ƙara na kawo. Ana sa ni aiki ran Lahadi. Ko sisi ba a ba ni. In na zauna, tsawa."

Matar da ta ɗauka ta ce, "Ayya, sannu. Wannan babban laifi ne. Tun yaushe?"

"Shekara goma sha tara."

"Sha tara! Wane irin aiki?"

"Shara, wanke-wanke. Makon jiya har rufin ɗaki aka hau da ni, ba hular kwano."

"Wa yake sa ka?"

"Chayo."

"Mene ne matsayinta a kamfanin?"

"Wane kamfani? Matata ce."

Ya ce, "Ba cewa na yi a kama ta ba fa. Ran Asabar za ta haye sayayya. Ku dai tsayar da ita a gada kamar tirelolin nan, sai ta yarda a yi zaɓe a gidan."

Yesenia ta fizge wayarta. "Kai, ɗan'uwa, kanka ɗaya kuwa? Ku nawa ne a gidan?"

"Ni, da ita, da uwarta."

"To ka riga ka faɗi, ci abincinka."

Ana gobe zaɓe, Rigoberto, shugaban layinmu, ya tare shi a bakin famfo ya dafa kafaɗarsa.

"Mutumina! Don Evaristo yana gaishe ka."

"Ni? Ya san ni?"

"Kullum zancenka yake. Gobe ka zaɓi Eh, ka ɗauki hoto da waya ka nuna mini. In A'a ta ci, kamfanin nan China zai koma. Za ka iya zuwa China kullum da safe?"

"Da wace mota?"

"Ka gani."

Bai gama share hannu ba Yesenia ta ja shi gefe. "A'a za ka zaɓa. In Eh ta ci, jikokinka ma wannan albashin za su gada."

Bawan Allah ya koma kan kekensa, ya ɗinke matashin kujera uku a baibai.

Washegari masu sa ido suka iso. Akwai jami'in gwamnati mai ɗauke da hatimi, akwai wata Baturiya daga Kanada da tafintanta. Manaja ya sa an yi wa banɗaki fenti, har sabulu muka gani. Aka tara mu a tsakar kamfani, Baturiyar ta yi bayani, tafinta yana juyawa. Ba shiga da waya. Ba ɗaukar hoton ƙuri'a. Abin da mutum ya zaɓa sirrinsa ne.

Mutumin naku ya ɗaga hannu.

"Madam, Rigoberto ba zai sani ba?"

"Ba zai sani ba."

"Yesenia fa?"

"Ita ma."

"Chayo fa?"

Tafinta ya ce, "Wace ce Chayo?" Mutum ɗari takwas suka amsa baki ɗaya, "Matarsa!"

Baturiyar ta yi murmushi. "Ko ita ba za ta sani ba."

Ya cire hula ya riƙe a ƙirji. "Madam, Allah ya saka. Amma ba ki san Chayo ba."

Aka fara zaɓe. Kowa ya shiga bayan labule, minti ɗaya ya fito. Shi da ya shiga sai da layi ya kai bakin ƙofa. Muna jiyo motsi. Daga baya muka jiyo tari. Ya fito idonsa jajir, ya jefa takarda a ninke cikin akwati, ya nemi ruwa.

La'asar aka zazzage akwatin a kan tebur gaban kowa. Eh, ɗari huɗu da goma sha uku. A'a, ɗari huɗu da goma sha uku. Jami'in ya sake ƙirgawa, haka. Saura takarda ɗaya. Ya ɗago ta da yatsa biyu. Duk maiƙo, tana warin albasa, an buga mata sunan mai sayar da tako na bakin ƙofar kamfani, wainar masarar nan da ake naɗe nama a ciki.

Ya ce, "Mutum ɗari takwas da ashirin da bakwai suka sa hannu. Ƙuri'a ɗaya ta ɓace. In ba ta fito ba, ba na buga hatimi. A sake zaɓe bayan wata biyu."

Manaja ya dafe kai. Wata biyu tireloli a tsaye, ya ce rabinmu gida za su zauna ba aiki. Wuri ya kaure. Don Evaristo ya ce Yesenia ce ta sace. Yesenia ta ce a caje aljihunsa, in ba a sami ƙuri'a ba za a sami wani abin.

Ni dai na juya. Na ga mutumin naku can baya yana sakace.

Na ce, "Ɗan'uwa, takardar takonka ce waccan?"

"Tawa ce."

"Ina ƙuri'ar?"

"Tana wuri mai kyau."

Aka tiso ƙeyarsa gaban tebur. Jami'in ya ce, "Malam, ina takardar da aka ba ka?"

"Ranka ya daɗe, na zaɓa. Na yi alama tsaf. Sai na leƙo na ga akwatin naku garai-garai, ana ganin cikinsa daga kan titi. Na ce wannan ne sirrin? Sai na tuna da tako a aljihuna. Na naɗe ta a ciki."

"Ka naɗe ta. Sannan?"

"Na cinye. Ciki ai ba don wake kaɗai aka yi shi ba."

Tafinta ya juya wa Baturiyar. Ta sa ya sake juyawa. Sannan ta nemi kujera ta zauna.

Rigoberto ya matso yana washe baki. "Mutumina, ba komai. Faɗa musu kawai. Eh ka zaɓa, ko?"

"Sirri ne."

Yesenia ta ce, "Don girman Allah, ɗan'uwa, abincin gida ɗari takwas yana cikin cikinka. Me ka zaɓa?"

"Sirri ne, Yesenia. Ke kika kawo mana dokar."

Don Evaristo ya buga tebur. "A kai shi asibiti a ɗauki hoton cikin!"

"Madam ta hana ɗaukar hoton ƙuri'a."

Jami'in ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Malam, ko ka faɗa da baki ba ta ƙirguwa. Doka ta ce ƙuri'a sai ta shiga akwati. Ka gane? Ita kanta takardar, cikin akwati."

Mutumin naku ya shafa cikinsa, ya yi ɗan lissafi.

"To ai mai sauƙi ne, ranka ya daɗe. Ku ba ni zuwa gobe da safe. Sai dai ku kawo akwatin gida, ni ba na iya zaɓe mutane suna kallona."