Tofi a Ƙarƙashin Paris

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau jirgin ruwa da surukuwata a Paris ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran abin da na sani. Har yau in metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya nutsa da ni cikin duhu, sai in ji tafin hannuna na dama yana ƙaiƙayi.

Inna, uwar maigidana, ta zo mana daga Damagaram don a yi mata aikin ido. Shekara uku yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta gane mutum da muryarsa. Aka yi aikin a Lyon, Allah ya ba da sa'a, ta zauna wurinmu a Vénissieux wata biyu. A wata biyun nan ban yi dariya mai sauti ba, ban ci abinci a gabanta ba, ko atishawa sai na shiga ɗaki. Shekarata goma da aure, amma wannan ne zamanmu na farko ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma na san abin da surukuwa ta faɗa a tsakar gida in ta koma, shi ne sunan mace har ta mutu. Abu biyu nake so ta kai gida: cewa matar ɗanta mai kamun kai ce, kuma ta san gari.

Na biyun ƙarya ce tsagwaronta. Lyon na sani. Paris kuwa sau biyu na taɓa ratsa ta, duka biyun da akwati a hannu.

Jirginta na komawa daga Paris zai tashi, maigidan kuma bai samu hutu wurin aiki ba, sai ni na rako ta. Muka sauka Saint-Denis gidan Hajiya Zara, wata tsohuwar aminiyar danginsu. Washegari Inna ta ce tunda ido ya buɗe tana so ta ga garin da ake ta faɗa, sai dai gwiwa ba ta ɗaukar tafiya.

Hajiya Zara ta ce mini, "Ki kai ta bakin kogi ku hau bato, jirgin ruwa. Akwai mai kamar taksi, yana tsayawa wuri-wuri, in ta gaji ku sauka. Kada ki ɗauki na 'yan yawon buɗe ido, shi in an shiga an shiga."

Na ce, "Hajiya, ai na san su duka."

Bayan azahar muka isa bakin kogin Seine. Ga su nan kuwa, ba nisa tsakaninsu. Na farkon, taksin, mutane suna ta hawa suna sauka da jakunkuna da keken jarirai, wasu ma a tsaye. Na biyun yana gefe shiru, kujeru a jere a sarari, mutanensa 'yan kaɗan, yawanci tsofaffi da rigunan sanyi. Na ce wa raina zaman kujera ya fi wa gwiwar Inna. (Wannan shi ne dalilin da na gaya wa mala'ikun kafaɗata. Na gaskiyar shi ne, ina jin kunyar a ce na kawo surukuwata har Paris na saka ta a bis, ko da na ruwa ne.)

Mai sayar da tike ta dubi Inna da baƙin tabarau ɗinta da sandarta, ta dube ni.

"Madam, kin san awa biyu da rabi ne, ba a sauka a hanya? Kuma kin san inda yake bi?"

Inna tana kallon bakina. Na gyara mayafi na ce, da faransancina na kwalej, "Na sani sarai."

Farkon tafiyar ba laifi. Muna layi na biyar daga gaba. Inna tana ta kallo da sabon idonta kamar mai buɗa baki bayan azumi. Ta ƙirga gadoji, ta yaba ginin dutse, ta ga gumakan da ke jikin wata gada ta ce, "Duk arzikin garin nan an rasa mai ba bayin Allahn nan zane?" Ni kuwa ina ta nuna mata wurare ina raɗa musu sunayen da na ji wata budurwa mai bayani tana faɗa ta lasifika, kamar daga kaina suke fitowa.

Sai jirgin ya bar kogin ya karkata hagu, ya shiga wani lungu mai bango biyu. Wata ƙofar ƙarfe ta rufe a bayanmu a hankali. Bangon baƙi ne, jiƙe, gansakuka ta lulluɓe shi, ruwa ya fara tasowa daga ƙasa yana ɗaga mu ba tare da an ga mai zuba shi ba. Hirar mutane ta ragu. Da ƙofar gaba ta buɗe muka ratsa wani wuri da ƙananan jirage suke ɗaure, babu kowa cikinsu. A ƙarshensa na hango wani baki, baƙi wuluk, a ƙasan titi, ruwan yana shiga ciki. Na jira jirgin ya juya. Bai juya ba.

Budurwar ta sassauta murya. Ta ce yanzu za mu shiga ƙarƙashin gari, tafiyar kusan kilomita biyu. Ta ce daidai samanmu, a gindin dogon ginshiƙin nan na dandalin Bastille, akwai ɗaruruwan mutane a binne, waɗanda aka kashe a tarzomar zamanin da. Sannan ta ce za a kashe fitilun jirgi don mu ji daɗin wurin.

"Me take cewa, 'yar nan?" in ji Inna.

Na ce, "Cewa take akwai kasuwa a samanmu." (Daga baya na ji ashe akwai kasuwar can gaba. Allah ya rufa mini asiri ko a cikin ƙarya.)

Duhun ya haɗiye mu. Sanyin wurin ba irin na waje ba ne, mai laima ne, yana bin ƙafa ya hau. Warinsa irin na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ƙarar injin ta koma kamar numfashin wata babbar dabba da ke barci kusa. Can nesa akwai wata kafa a rufin, haske yana zubowa ta ciki ya faɗa kan ruwa, kore-kore, zagaye kamar ido ɗaya. Wasu ganyaye suna reto daga kafar. Muka wuce ta ƙarƙashinta, na ga fuskokin mutane sun yi fari fat kamar an shafa musu toka, sannan duhu ya sake rufe su.

Ni 'yar tudu ce. Garinmu ba kogi, sai tafkin da ke cika da damina, kuma tun muna yara an gaya mana masu wurin ba su son a yi musu kutse. Akwai wata 'yar layinmu da ta tafi wanki ba ta dawo ba, sai kallabinta aka gani yana yawo a tsakiya. Na yi karatu, na san abin da malamai suka ce game da camfi. Amma ga matattu a sama, ga ruwa a ƙasa, ga ni na kawo uwar mutane tsakani da ƙafata.

Sai aka fara busa.

Wata siririyar sarewa ce, a hankali, ba a san ta inda take fitowa ba. Ta bugi bango ta dawo, ta zama biyu, ta zama uku, kamar ana amsa mata daga cikin ruwa. Gashin jikina ya miƙe.

Na ce wa Inna ina zuwa. Na tashi ina lalube, na kai wurin budurwar, na roƙe ta a ƙasa-ƙasa a juya da jirgin, tsohuwata ba ta da lafiya. (Tsohuwar da ko tari ba ta yi ba.) Ta dafa ni ta ce, "Madam, ba a juyawa a nan. Kwata awa ne kawai. Ki koma ki zauna, don Allah."

Na juyo ina ƙirga kujeru da hannu. Ɗaya, biyu, uku. Jirgin ya ɗan gogi wani abu ya girgiza, lissafin ya zube. Kuma in faɗi gaskiya, idona a runtse yake, don na ga wani abu fari yana tafe a kan ruwa gefen jirgi, ban so in san ko leda ce. Hannuna ya taɓa rigar sanyi mai laushi. Na ce alhamdu lillahi, na zauna, na kamo hannun da ke kan gwiwa. Sanyi ƙalau, fata a tattare, 'yan yatsu suna rawa kaɗan. Tausayi ya kama ni. Baiwar Allah, ashe tsoro take ji, kunyata ce ta hana ta faɗa.

Shekara goma ban taɓa kai hannu kan surukuwata ba. Ranar na ce yau ba ranar kunya ba ce. Na haɗa tafuna, na karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ƙafa uku-uku, na tofa, na shafa mata tun daga ka, yadda nake yi wa yarana in sun firgita cikin barci. Hular sanyi, daidai. Goshi. Tabarau, daidai. Hanci, na ji ya ɗan fi yadda na sani, na ce duhu ne. Na gangaro.

Hannuna ya shiga cikin gashi.

Gashin baki ne, cikakke, ƙarƙashinsa gemu mai kauri har wuya.

Da mai hankali ce, da nan ta gane. Ni abin da ya zo mini shi ne an musanya ta. Masu wurin sun ɗauke Inna sun ajiye nasu a kujerarta, kuma ni ce zan koma in gaya wa ɗanta. Ban saki gemun ba. Na ƙara riƙe shi, don an ce in ka kama su kada ka sake sai sun mayar da abin da suka ɗauka. Na ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu, ramin nan ya karɓa ya watsa ta gaba da baya kamar masallacin Juma'a. Sarewar ta tsaya cak. Da na kai ƙarshe na ja numfashi na tofa, wannan karon ba a tafi ba, a fuskar kai tsaye.

Daidai nan muka shiga ƙarƙashin wata kafar.

Hasken ya sauko mana. Wani tsohon Bature ne, ya kai saba'in, siriri, da hular ulu da tabarau, tofina yana gangarowa a gilashin. Gemunsa yana cikin hannuna. Jirgin gaba ɗaya ya juyo yana kallonmu, har da ma'aikacin da ke tsaye can gaba da sarewa a hannu, baki buɗe.

Daga layin bayanmu na ji murya, a natse.

"'Yar nan, in kin gama da shi, ga ni nan baya. In da ragowa a shafa mini."

Ban san yadda yatsuna suka buɗe ba. Na ce fardon, a yi haƙuri, ya fi sau goma. Tsohon ya ciro hankici, ya cire tabarau yana gogewa a hankali, ya ce, "Ba komai, madam. Da farko na ɗauka cikin tike yake." Wasu suka yi dariya, ramin ya riɓanya ta. Ya mayar da tabarau ya ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, shi ma bai son wurin nan, 'yarsa ce ta saya masa tiken, kuma ko me na karanta, hannunsa ya daina rawa.

Na koma kusa da Inna na ja mayafi har hanci. Na ce, "Inna, ba ki ji tsoro ba?"

Ta ce, "Tsoron me? Shekara uku ina zaune cikin wanda ya fi wannan, ba kafa ko ɗaya a sama. Wannan ai duhun 'yan gayu ne, har da mai busa."

Muka fito haske, amma ba a sauka. Saura fiye da awa. Ƙofar ruwa bayan ƙofar ruwa, kowace sai an tsaya an jira ta cika, mutane a kan gadoji suna ɗaga mana hannu, ni ina ganin kamar labarin ne ya riga mu fitowa. Tsohon ya juyo sau biyu ya miƙo mana alewar na'ana'a. Inna ta karɓa duka biyun, ta ce in gaya masa Allah ya shirye shi. Na gaya masa ta gode.

Inna ba ta ce wa Hajiya Zara komai ba. Ba ta ce komai a filin jirgi ba. Na koma Lyon ina jiran ranar da za a ce a Damagaram matar wane ta kama gemun Nasara a bainar jama'a. Kwana goma sha biyu duk ƙarar waya sai na duba ko daga can ne kafin in ɗauka.

Ƙanwar maigidan ce ta kira. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, Inna ta ba mu labarin jirgin ruwa."

Na nemi kujera na zauna.

"Ta ce kin bi da ita ta ƙarƙashin maƙabartar Nasara, cikin ruwa, cikin duhu, kina karatu da ƙarfi har mai busa ya ajiye busarsa. Ta ce ɗanta ya yi dacen mata. Yanzu duk mai ciwon kai a gidan nan cewa take a kira ki."

Na jira sauran. Babu saura. (Ashe ma ta gane ba kasuwa ba ce. Yadda aka yi ta gane, ban tambaya ba.)

Har yau ɗanta bai sani ba. Sai dai duk ranar Juma'a in mun yi waya, takan bi gaisuwa daki-daki, ina gajiya, ina yara, ina maigidan, ina sanyi, sannan ta ce, "Ina kuma tsohon naki?" In ce yana lafiya, Inna. Ta ce madalla, a gaishe shi.

Abin da na koya dai ba mai yawa ba ne. Addu'a ba ta ɓatan hanya, duk inda ta sauka ta yi amfani. Mai yin ta ce ke ɓatan layi. Don haka yanzu ko ɗan da na haifa zan yi wa tofi, sai na kunna fitila na kira sunansa ya amsa tukuna.