Tashar Jirgin Sallau

Wani mutum ne a Rafin Kuka, Sallau Dogon Baki. Kai, in Sallau ya fara zuba, ko rediyo sai ta yi shiru ta saurara. Tun yana saurayi ake cewa za a ja layin dogo ya ratsa garinsu ya miƙe birni. Ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, furfura ta fito, jirgi shiru. Amma kullum a teburin mai shayi labarin ke nan.

"Ni da manyan reluwe ai mun san juna," in ji shi. "Tafiyar yini guda za ta koma ƙiftawar ido. Ka ci tuwo a nan, ka wanke hannu a birni! Tashar ma a ƙofar gidana za a yi ta, wallahi."

Barau tela, abokin wasansa, ya ce, "To, yaushe?"

"Sa hannu kawai ya rage."

Ran nan sai ga wasu mutane da igiyar awo suna kafa turaku masu jan fenti a bayan kasuwa. Suka gama, suka tafi abinsu. Sallau ya je ya ga turaku. Tasha a bayan kasuwa, bayan ya rantse wa duk gari? Ina! Da rana tsaka, kowa ya fake a inuwa, gogan naka ya tuttuge turakun nan tsaf, ya kakkafa su a ƙofar gidansa.

"Na buga musu waya," ya ce wa 'yan shayi. "Sun ba ni haƙuri, sun gyara."

Da leburori suka zo, turaku suka bi, suka hau haƙa. Sallau ya sa matarsa Tabawa ta dama musu fura. Shugabansu ya sha, ya goge baki, ya ce, "Baba, ka kuwa san abin da ake..."

"Shiii! Ni za ka gaya wa? Ni fa na kawo aikin nan!"

Aka zurma rami mai zurfi. Sallau ya ce ma'ajiyar man jirgi ce. Aka jera 'yan ɗakuna a kai. Ya ce na yankar tikiti ne. Barau ya leƙa ya ce, "Wannan huji a tsakar ɗaki fa?"

"Kai ɗinki ka sani. Fasahar zamani ce."

Tabawa ta ce, "Malam, ni fa ginin nan kama yake mini da..."

"Ke kin taɓa ganin tasha ne?"

Bai tsaya nan ba. Ya sa Barau ya ɗinka masa kaki mai maɓallai, ya sayo hula da usur, ya naɗa kansa Sarkin Tasha. Wanda duk ya gaishe shi da kyau, ya yi masa alkawarin kujera ta kusa da taga.

Ranar kasuwa mai fenti ya zo ya rangaɗa MAZA a nan, MATA a can.

"Kun ga tsari!" in ji Sallau, yana tsaye ƙiƙam cikin kaki.

Bai rufe baki ba sai ga muryar mai shela daga kasuwa: "Jama'a, Dagaci na gaishe ku! Ban-ɗakin kasuwa ya kammala. Yana ƙofar gidan Sallau!"



Sai ga wani dillalin shanu a guje, buta a hannu, ɗaya hannun dafe da ciki, yana gumi. Ya ci birki a gaban Sallau, ya dubi kaki, ya dubi hula.

"Mai gadi, don Allah wanne ne babu kowa?"

Kafin Sallau ya haɗiye yawu, layi ya kai bakin titi, kowa da butarsa. Tabawa ta rufe taga garam! Barau kuwa ya tuɓe hula, ya rusuna har ƙasa.

"Ranka ya daɗe Sarkin Tasha, fasinjoji sun matsu. Busa usur mana, kowa ya shiga tarago!"