Yadda Za Ka Samo Wa Surukinka Takwara A Dawa

Ɗan'uwa, in mahaifin yarinyar da kake so ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Wai ɗan gidan wa ne ma kai?" to samu wuri ka zauna, wahalarka ta ƙare. Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma da idona na ga hanyar nan ta yi aiki a kan ɗan kawuna La Dumani. Bi matakan nan a hankali, na yi maka alkawari sunan surukinka zai shiga littafin da babu mai goge shi.

Mataki na ɗaya: Nemi tsibiri

Kada ka wahalar da kanka, kana kansa. Duk abin da ke rarrafe a bayan gonar rogon kakarka, muddin mutanen jami'a ba su sa shi a kwalba ba, ba a gano shi ba tukuna. Kakarka ta san shi shekara saba'in, har da sunan da take zaginsa da shi. Wannan ba ya cikin zance.

Mataki na biyu: Tsaya a bakin ruwa

Wata rana jirgi zai sauke masu manyan takalma da ragar kama ƙwari. Dumani ya dace da Dakta Sekar, wata 'yar siririya daga tsibirin Jawa mai yi wa ganye magana kamar yana jinta. Ɗauki jakar da ta fi nauyi. Kome aka nuna maka, kada ka kuskura ka ce, "Ai wannan cike yake a bayan gidanmu." Riƙe haɓa ka ce, "Kai!" Masu ilimi suna son a taya su mamaki.

Mataki na uku: Roƙi alfarma bayan an ƙoshi

Dumani ya jira sai da Dakta ta tashi da gasasshen kifi biyu da tuwon rogo.

"Malama, wai in aka samu sabon da ba a taɓa gano shi ba, ke ce mai raɗa masa suna?"

"Ni ce. Naka kake so?"

"A'a, na Baba La Tanda, mahaifin Wa Ramia, yarinyar da nake so." Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Tsohon ya riga ya gaya masa, in ba shi da abin nunawa kafin a gama girbin yazawa na baɗi, ya ɗauke ƙafarsa daga ƙofar gidan.

Dakta ta yi dariya har da ƙwalla. "Na yarda. Amma ka sani, sunan nan in ya fita a takarda ya fita ke nan, ko ni ban isa in canja ba."

"Ai haka nake so, Malama!"

Mataki na huɗu: Kwaso kome

Kwana tara Dumani yana hawa dutse yana sauka. Ya kawo ƙadangare mai jan wuya. Ya kawo furen da ke fitowa a jikin bishiya. Ya kawo malam-buɗe-littafi mai faɗin tafin hannu, shuɗi shar kamar teku da hantsi, wanda sai da ya faɗa rafi sau biyu kafin ya kama shi. Kowanne Dakta ta ce sai an duba a can wurinsu. Ran tafiya ma ta hango wani matsattsaku mai ratsin ɗorawa uku a ƙwaurinsa, ya sha ya yi tim, ta cire shi a hankali ta jefa a kwalba tana ce masa kyakkyawa. Dumani bai ko kula ba.

Mataki na biyar: Baza labari

Wanda ya jira tabbaci kafin ya yi fahariya, shekara zai yi bai ji daɗi ba. Dumani ya gaya wa masunta, ya gaya wa masu sayar da kwakwa, cewa shuɗin nan mai fiffike zai amsa sunan Baba La Tanda. Tsohon kuwa sai aka gan shi ya ɗinka sabuwar riga shuɗiya.

Mataki na shida: Kada ka buɗe ambulan a gaban jama'a

Da wasiƙar Dakta ta iso, a gaban jama'a Dumani ya buɗe. Bayan sallar Juma'a, a barandar tsohon, rabin ƙauye na tsaye, ya miƙa wa malamin firamare ya karanta. Dakta ta rubuto cewa masu kyan duk an riga an san su shekara ɗari da wani abu. Guda ɗaya ne sabo, kuma ta cika alkawari. Ga hotonsa shafi guda, matsattsaku ya miƙe ɗoɗar, a ƙasa sunan La Tanda da 'yar wutsiya irin wadda masu ilimi ke liƙa wa suna.

Sai ƙanwar tsohon ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Yaya, wallahi har tumbin!"

Dumani ya fara auna tsakaninsa da kwalekwalen da ya fi kusa.

Tsohon ya daɗe yana kallon hoton. "Malam, akwai shi a wani wuri a duniya?"

"Ta ce babu, Baba, sai dutsen nan namu."

"Yana tsoron wani?"

"Ta rubuta har ita ya kama sau huɗu."

"Mai unguwa fa, me aka sa wa sunansa?"

"Ko tururuwa ba shi da ita, Baba."

Tsohon ya gyara wuyan rigarsa, ya juya wajen ƙofa. "Ramia! Kin bar mijinki a tsaye? Kawo masa shayi!"

Mataki na bakwai: Girmama takwaran surukinka

Nan ne aikin yake. Tun daga ranar tsohon ya hana a sa wa matsattsakun gishiri ko ruwan taba a gonarsa. Kuma kullum da Dumani yake zuwa gona. In ɗaya ya maƙale masa a ƙafa, sai tsohon ya tsuguna ya ƙirga ratsin.

"Uku ne. Namu ne. Tsaya cak, ɗana, bar shi ya ƙoshi, gida ya zo."

Dumani sai ya tsaya, yana murmushi, yana kallon sama. Ya ɗan rame, amma Wa Ramia tana dafa masa hantar kifi, kuma ban taɓa ganin mutum mai farin ciki kamarsa ba.

Jan kunne

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin jinin kowa, ko abin da zai fito daga kwalba, don na ji an ce akwai tsutsar cikin kifi da ita ma ke jiran suna. Haka kuma surukai iri-iri ne. In naka ya gama kallon hoton ya miƙa hannu wajen adda, ban san ka ba, ban taɓa rubuta kome ba. Ka dai fara koyon iyo tun yau.