Injin da Na Saya wa Kifi

Lokacin kullen korona na ajiye wa 'yata Amira ɗan akwatin gilashi na kifayen teku a falonmu na unguwar Muntazah. Da na je sayen injin juya musu ruwa, sai na tarar babba ya fi ƙarami araha. Ni injiniya ne, ban nemi shawarar kowa ba, na sayo babban.

Na tara iyali, na yi bismillah, na kunna. Yashin cikin akwatin ya turnuƙe, murjanin ado ya kife, kifayen suka dinga wulwulawa. Amira ta fashe da kuka.

Matata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Baban Amira, wanke su za a yi?”

Da ƙyar suka tsira. Har lokacin Kofin Duniya, in injin wankinmu ya tsaya, sai matata ta ce, “Amira, kai wa Babanki kayan, ya zuba wajen kifi.”