Haske Mai Ɗumi

Ni dai ban taɓa ganin mutumin da Turanci ya wulaƙanta irina ba. Matata Saudatu ta tafi gidansu wankan haihuwar fari, saura kwana biyu ta yi arba'in ta dawo. Kafin ta tafi kullum ƙorafinta ɗaya ne, wai fitilar ɗakin kwananmu fara ce ƙal kamar ta asibiti, kuma ni ban iya gyaran ɗaki ba sai cika baki. Maganar ta tsaya min a rai, na rantse sai ta yaba min ko sau ɗaya. Na duba waya, na ga masana sun rubuta da Turanci irin hasken da ya dace da ɗakin kwana. Da ɗan Turancina na sakandare na fassara shi da kaina: haske mai ɗumi. Ban tambayi kowa ba, don a ganina tambaya ta marasa ilimi ce.

Na shiga shagon wani dattijo mai kayan wuta a kasuwar Gusau, ina taƙama, na ce ya ba ni ƙwan fitila mai ɗumi.

Ya dube ni ya ce, "A wannan zafin, Alhaji? Kwanansu nawa?"

Na ce, "Guda ɗaya ce, Baba. Kwananta talatin da takwas."

"Ai ta yi gashi ke nan."

"Gashi kam cike da kai, irin na uwarta."

Ya ce, "To in uwar tana nan, ai ba ta buƙatar fitila. Uwar ta ishe ta."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ni na san ɗakina. Ba ni manya guda biyu."

Ya miƙo min wasu ƙwayaye jajaye jawur, kowanne ya kai goruba uku a haɗe. Akwai hoto a jikin kwalin, amma ban tsaya dubawa ba. Na je gida na ɗaura su, ɗaya ta saitin gado, ɗaya wajen madubi.

Ranar dawowa, bayan la'asar, Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifin Saudatu, ta rako su ita da jaririyarmu Walida. Aka yi sa'a akwai wuta. Na shigar da su ɗaki, na saki labule, na danna makunni ina murmushi, ina jiran yabo. Ɗakin ya yi ja. Ba a yi minti biyar ba jaririya ta tsala kuka, kwalliyar Saudatu ta fara gangarowa, ni kuwa gumi ya manne min riga a baya. Duk da haka na dake, na ce haka ake yi yanzu a manyan otal.

Gwaggo tana fifita da bakin mayafi ta sunkuya ta ɗauki kwalin da na yar a bayan ƙofa. Ta juya shi, ta ce, "Ɗana, kiwo ka fara ne? Wannan ai fitilar ɗumama 'yan tsaki ce. Irinta maƙwabcinmu yake sa wa kajinsa da hunturu."

Na karɓi kwalin. Ga su nan reras, 'yan tsaki sun kai ashirin, suna kallona. Kunya ta rufe ni, amma bakina bai mutu ba. Na juya wajen Saudatu na ce, "Ke dai faɗi gaskiya, ai kin ga canji a ɗakin nan."

Ta share gumi da haɓar zane, ta ce, "Na gani, Baban Walida, Allah ya saka. Kwana arba'in ana dafa ni a gidanmu, ashe gasawar ce ka ce a bar maka."