Kofin 'Ya'yan Zogale a Hanyar Sabuwa

Ɗiyar yayana da ke jami'a ce ta ce sun gwada ruwan 'ya'yan wata bishiya a kan ɓeraye, maiƙon jininsu da na ƙwaƙwalwarsu ya ragu. Ban tsaya jin sunan bishiyar ba. Na ce in ɗigo ya ishi ɓera, ai ƙato kamata sai kofi. Na ce ba ta wuce zogale ba, na daka 'ya'yansa, na jiƙa, na shanye, na shiga motar ɗaurin aure daga Kankara zuwa Sabuwa, ni ne ma wakilin ango.

Mun wuce Faskari, daidai dajin da ko taya ta fashe ba a tsayawa, cikina ya murɗa. Na daki kafaɗar direba na ce ya tsaya. Dattawa suka ɗauka 'yan bindiga na hango. Maƙwabcina Alhaji Sani ya cusa kai ƙarƙashin kujera yana kalmar shahada, ni kuwa na yanki daji riƙe da zariyar wando. Mutum biyu daga motar suka biyo ni da gudun tsira. Da muka dawo, dole na faɗa musu abin da na sha da dalilin shansa.

Har yau in na gaishe da Alhaji Sani, sai ya ƙura wa hulata ido ya ce, "Malam, yaya ƙwaƙwalwar? Ta rame?"